Hoto uku a wuri ɗaya: inda dabarar HDR ta samo asali

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin zaure da rana tsaka ya nufi ƙofa da kyamara ya san wannan matsala. In kyamara ta bi hasken waje, titi ya fito tas, amma dattawan da ke kan tabarma sun koma baƙar inuwa. In ta bi hasken ciki, fuskoki sun fito, ƙofa kuwa ta zama farin fili ba komai a cikinta. Ido ba ya shan wannan wahala, don yana buɗewa yana tsukewa gwargwadon inda ya kalla. Kyamara kuwa sau ɗaya take ƙiftawa, abin da ta kama shi ke nan.

Maganin da masu hoto suke yi yau shi ne su ɗauki wuri ɗaya sau uku ko biyar a jere: ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske, sannan su ba manhaja ta haɗa su. Ana kiran wannan HDR. Kafin a haɗa akwai sharuɗɗan shiri da ake koya wa ɗalibi kamar hadda, ba tare da an faɗa masa dalili ba. Ni a ganina kowane sharaɗi daga cikinsu tabo ne na wata matsala da wani ya yi fama da ita a baya, kuma ɗaya daga cikin matsalolin har yanzu ba a warware ta ba.

Sai mu koma Faransa, shekarun 1850. A lokacin bisa gilashi ake ɗaukar hoto, a shafa masa wani sinadari mai suna kolodiyon, a saka shi cikin kyamara tun yana da danshi. Sinadarin nan yana saurin shan hasken shuɗi fiye da sauran launuka. Saboda haka kafin ƙasa da itatuwa su gama fitowa, sama ta riga ta ƙone. Shi ya sa in ka duba hotunan wancan zamani za ka ga yawancinsu sama fara ce fat, kamar ba a taɓa yin hadari a Turai ba.

Gustave Le Gray, wanda aka haifa a 1820 kuma ya fara koyon zane kafin hoto, bai yarda da farar sama ba. A 1856 da 1857 ya ɗauki hotunan teku a gaɓar Normandi da kuma garin Sète na bakin Bahar Rum. A wasu daga cikinsu ya yi amfani da gilashi biyu: ɗaya ya ba shi lokaci kaɗan don ya kama gajimare, ɗaya kuma ya auna shi da ruwa. A ɗakin wanki sai ya buga su bisa takarda ɗaya, rabi daga wannan, rabi daga wancan. Mafi shahara shi ne hoton babbar igiyar ruwa ta Sète na 1857, wanda aka sayar a Landan a 1999 a kan fam fiye da dubu 500. Teku ta taimake shi ƙwarai, domin inda ruwa ya haɗu da sama layi ne miƙaƙƙe, ɗinki yana ɓoyuwa a nan cikin sauƙi. Da gari ya ɗauka, mai hasumiya da rassan itace, da aikin ya fi haka wuya.

Amma akwai abin da masu bincike suka gano daga baya: gajimare ɗaya ya bayyana a kan teku daban-daban cikin hotunansa. Wato in ya samu sama mai kyau, sai ya ajiye gilashinta ya riƙa ɗora ta inda ya ga dama. Tun ranar farko ke nan dabarar ta zo da tambayarta a goye. Shi Le Gray bashi ya kore shi daga Paris a 1860, ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira a 1884.

Shekaru da dama bayansa aikin ya zauna a ɗakin wanki. Mai wanki yana tare haske da hannu ko ɗan kwali a inda takarda za ta yi baƙi da yawa, ya ƙara shi inda ta yi fari. Ansel Adams na Amurka ya mayar da wannan ilimi mai lissafi, ya kasa haske matakai daga baƙi wuluk zuwa fari fat. Duk da haka abin da fim bai kama ba, hannu ba ya iya fito da shi.

Wanda ya canja lissafin bam ya sa shi. Charles Wyckoff yana cikin masu ɗaukar hotunan gwajin makaman nukiliya na Amurka, kuma babu hasken da ya kai wannan tazara tsakanin tsakiyar wuta da abin da ke kewaye da ita. Ya ƙera fim mai shimfiɗa uku a jikin abu ɗaya: ɗaya mai saurin shan haske, ɗaya matsakaici, ɗaya mai jinkiri ƙwarai. Ƙiftawa ɗaya, hoto uku. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa: hotunan Wyckoff uku duk na daƙiƙa ɗaya ne, namu na yau kuwa a jere ake ɗaukar su.

Kwamfuta ta shigo a shekarun 1990. Steve Mann da Rosalind Picard na jami'ar MIT sun wallafa hanyar haɗa irin waɗannan hotuna a 1995, har Mann ya riƙa kiran jerin da sunan Wyckoff. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Berkeley suka kawo hanyar da ta bazu. Misalinsu cikin cocin jami'ar Stanford ne, wuri mai duhu da tagogi masu ƙyalli: hoto 16, daga daƙiƙa 30 har zuwa kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, kowane yana samun rabin hasken wanda ya gabace shi. Tunanin mai sauƙi ne. In ka san tsawon lokacin da kowane hoto ya sha haske, kuma kyamara ba ta motsa ba, za ka iya lissafa ainihin hasken da ke kowane ɗigo na wurin.

Daga wannan lissafi sharuɗɗan shiri suka fito. Ana kafa kyamara bisa ƙafa uku don kowane ɗigo ya faɗa kan ɗan uwansa, wato layin tekun Le Gray ya zama miliyoyin ɗigo. Lokacin ƙiftawa kaɗai ake canjawa, misali 1/500, 1/125 da 1/30; ba a taɓa faɗin ramin ido, don in aka taɓa shi abin da ya fito sarai a hoto na farko zai yi dishi-dishi a na uku. Ba a ƙara wa mai duhun haske ko a rage wa mai hasken kafin haɗawa, tunda manhaja tana karanta lokacin ƙiftawa daga bayanan da kyamara ta rubuta cikin fayil, in an gyara hoton lissafinta ya ɓaci. Abin da aka yarda a gyara shi ne wanda za a yi wa duka daidai wa daida: ma'aunin fari, lanƙwasar gilashi, da tabon ƙura. Na ƙarshen nan mu da muke cikin hunturu ya fi shafar mu, domin ɗigon ƙura da ba a lura da shi a hoto ɗaya, haɗawa tana fito da shi ɓaro-ɓaro a tsakiyar sama. Kuma RAW ya fi JPEG: wannan matakin haske 256 yake da shi a kowane launi, wancan a kyamarori da yawa yana kai 16,384.

Manhajar Photomatix ta fito a 2003, Photoshop ya ƙara nasa a 2005, Lightroom a 2015. Tsakanin nan an yi wasu shekaru da intanet ta cika da hotuna masu gajimare kamar hayaƙin taya da gine-gine masu farin zobe kewaye da su. Ban taɓa son su ba. Laifin na hannun da ya murɗa maɓalli har ƙarshe ne.

Matsalar da na ce ba a warware ba ita ce motsi. Tsakanin hoto na farko da na uku akuya ta gifta, ɗan kabu-kabu ya wuce, iska ta kaɗa ganyen dogon yaro. In aka haɗa sai abin ya fito rabi-rabi, masu sana'ar suna ce masa fatalwa. Manhaja tana da maɓallin korar fatalwa: ka zaɓi hoto ɗaya ya zama uba, duk inda aka yi motsi a ɗauko daga gare shi. In ka zaɓi wanda mutumin bai riga ya shigo ba, to mutumin babu shi. Ga mai ɗaukar ɗakin otel ko katangar fadar Damagaram don kalanda, wannan ba komai. Ga mai ɗaukar taron siyasa, ko hawan salla, ko kasuwar da ta ƙone, magana ta canja, domin hoton zai zama shaida.

An yi wannan gardama a fili a watan Janairu na 2012, lokacin da jaridar Washington Post ta sa hoton wata gada da aka haɗa ta wannan hanya a shafinta na farko. Ta bayyana a ƙarƙashin hoton cewa haɗi ne, amma shugaban ƙungiyar masu hoton jarida ta Amurka ya ce bai dace da aikin jarida ba. Gasar World Press Photo ma hoton ƙiftawa ɗaya take karɓa. Ni ina ganin jaridar ta yi abin da ya kamata da ta faɗa, kuma masu sukar ba su yi kuskure ba da suka tsaya kan lokaci.

Sai dai akwai gefen da ba a cika jin sa a gardamar Turawa ba. Baƙar fuska cikin farar riga da tsakar rana ita ma matsalar tazarar haske ce, irin ta zaure da ƙofa. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana ba ɗakunan wanki katin gwajin launi mai ɗauke da hoton farar mace. Mai bincike Lorna Roth ta rubuta a 2009 cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako na cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke kama launuka masu duhu. Wanda ya duba tsofaffin hotunan biki masu launi a gidajenmu, ya ga riga ta fito ƙal fuska ta nutse, ya san abin da ake nufi. Don haka dabarar da ake zargi da ƙarya ita ce kuma ta fito da fuskokin da fim ya daɗe yana binnewa. Kamfanin da ke ƙera Tecno da itel da Infinix ya gane haka, ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, ya kuwa ci kasuwar Afirka.

Apple ya sa HDR cikin iPhone a 2010. Injiniyoyin Google suka bi wata hanya: wayar ta ɗauki gajerun hotuna da yawa masu ɗan duhu cikin sauri, don motsi ya ragu, ta haɗa. Yau da yawa daga cikin hotunan da ake turawa a WhatsApp daga Maraɗi zuwa Yamai haɗi ne. Daidaita ɗigo, zaɓen uba, korar fatalwa, duk wayar ta yi su kafin mai ita ya sauke hannu, babu kuma wani bayani a ƙarƙashi. Tsofaffin iPhone suna da wurin da za ka ce a ajiye maka hoton asali kusa da haɗaɗɗen. A sababbin an cire shi. Hotunan Le Gray sun ba masu bincike damar kama shi bayan shekara fiye da ɗari. Wayar salula kuwa tana share nata jerin da zarar ta gama haɗawa.