Gishirin Sossina Haile da Batirin da Ba a Cajinsa

Wanda ya taɓa zama kusa da rumfar mai cajin waya a Birnin Kudu ko Gwaram ya san yadda muke samun wuta: a zuba fetur, inji ya yi ta ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Amma akwai hanyar da ba a ƙona komai, kuma ta girmi injin fetur ɗin. A 1839 wani lauya ɗan Birtaniya, William Grove, ya nuna cewa in aka haɗa iskar haidurojin da oksijin da dabara, lantarki ke fita, sharar da ake bari kuwa ruwa ce zalla. Sunan na'urar fuwal sel. Batiri ne da ba a cajinsa, ciyar da shi ake yi.

Sama da shekara ɗari ya yi yana kwance a ɗakin gwaji, sai a shekarun 1960 kumbon Apollo ya tafi da shi duniyar wata, 'yan sama jannati suna samun wuta, suna shan ruwan.

Inda gizo ke saƙa shi ne wata rariya da ke tsakiyar na'urar. Aikinta ta bar wasu ƙwayoyi su wuce, ta tare elektaron, dole su zagaya ta waya. Wannan zagayen shi ne wutar. Rariya iri biyu aka fi sani. Ɗaya kamar leda take, Nafion da kamfanin DuPont ya ƙirƙira: sai da danshi, ba ta son zafin da ya kai digiri 100, ga tsirfa, ɗan datti a haidurojin ya isa ya gurgunta na'urar. Ɗayar ta tangaran ce, ba ta motsi sai an gasa ta zuwa digiri 800 ko 1,000, zafin da ke cinye ƙarfen da ke kewaye da ita.

A tsakanin nan masaniyar kimiyya Sossina Haile ta kafa rumfarta. An haife ta a Adis Ababa a 1966. Bayan juyin mulkin soja a Habasha aka harbi mahaifinta, Getatchew Haile, masanin tsofaffin littattafan Ge'ez, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Iyalin suka yi hijira zuwa Minnesota a Amurka. Ta yi digirin digirgir a MIT a 1992, ta koma Caltech a 1996.

Ba ita ta gano gishirin da ta yi tata rariyar da shi ba, a ba kowa haƙƙinsa. Tun 1982 Baranov da abokansa a Mosko suka lura cewa wani gishirin sisiyom, in ya kai digiri 141, sai ƙwayoyinsa su fara jujjuyawa, suna miƙa wa juna furoton (ƙwayoyin da ake so su ratsa rariyar) kamar masu miƙon bulo a wajen gini. Sai dai kowa ya ɗauke shi abin kallo, don yana narkewa a ruwa, na'urar kuma ruwa take fitarwa. Haile ta ce a zafin da ya wuce tafasa ai tururi ne, ba ruwa ba. A 2001 ita da ɗalibanta suka wallafa a mujallar Nature cewa sun kunna fuwal sel da shi.

Na farkon bai yi ƙarko ba, haidurojin na lalata shi. Suka sauya zuwa ɗan'uwansa mai fosfet, a 2004 ya yi aiki sama da awa 100 ba tsayawa. Ɗalibanta biyu, Calum Chisholm da Dane Boysen, suka fita da fasahar zuwa kasuwa, daga baya aka kafa kamfanin SAFCell. Ita ta koma Jami'ar Northwestern a 2015.

Abin da ya fi shafar mu ya zo a 2020, lokacin da ta yi amfani da gishirin nan ta tatso tsaftataccen haidurojin daga amoniya a digiri 250. Haidurojin wuyar dako gare shi, amoniya kuwa an daɗe da iya jigilarta. Da ita ake yin takin yuriya da manoman Gwaram ke zuba wa shinkafa, kuma ana sarrafa ta a masana'antar taki ta Legas mallakar Aliko Ɗangote, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu.

Kada dai a yi saurin murna. Na'urar har yanzu tana cin filatinam, sisiyom ma ba araha gare shi ba. A kasuwar Birnin Kudu yau, sola ce ke ƙwace wa janareta ciniki. Gishirin Haile bai iso ba tukuna.