Daga Bindiga Zuwa Kyamara: Tarihin Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ƙasar Hausa

Yau na ɗan jingine zancen littattafai, zan ja ku zuwa daji.

Turawan farko da suka zo nazarin tsuntsayenmu da bindiga suka yi aikin. Kyamarar wancan zamani tana da nauyi, sai an girke ta bisa ƙafa uku, kuma sai abin da za a ɗauka ya tsaya cik. To, wane tsuntsu ne zai tsaya maka? Saboda haka sai su harbe shi, su feɗe, su aika da fatar Ingila.

Haka Angus Buchanan, mutumin Sikotilan, ya yi tsakanin 1919 da 1920, lokacin da ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram har Azbin yana tara wa Lord Rothschild tsuntsaye. Da ya dawo a 1922 sai ya zo da mai ɗaukar majigi, T. A. Glover. Suka sake tashi daga Kano bisa raƙuma, ba su isa Tugurt ta Aljeriya ba sai a 1923. Ga zafi, ga rairayi, ga na'urar da sai an riƙa juya ta da hannu, ga namun daji masu jin ƙanshin mutum tun daga nesa. Da wannan wahala aka haɗa fim ɗin da aka nuna a Ingila a 1924. Kai, har manyan littattafai takwas da David Bannerman ya wallafa kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, daga 1930 zuwa 1951, zanen hannu ne ƙashin bayansu.

Yanzu mu dawo gida. A wajenmu nan Dandin Mahe, da Boɗinga da Shagari, yaro ma yana da kyamara a wayarsa. Amma me zai ɗauka? Dattawa suna ba da labarin gauraka a fadama da barewa a bayan gari. Yau gauraka ta kusa ƙarewa a Nijeriya baki ɗaya. Ungulu da ke cika mahauta ta yi wuyar gani. An sare itatuwan da shamuwa ke sheƙa. Dajin da ya rage kuwa, tsoron 'yan bindiga ya hana shigarsa. Ko a Kure ta Nijar, inda aka farfaɗo da raƙuman dawa daga 49 a 1996 zuwa fiye da 600, an kashe mutum takwas da suka je kallonsu a 2020.

Ni dai roƙona ga matasanmu: in shamuwa ta sauka bana, ku ɗauke ta, ku rubuta rana da wuri da sunanta na Hausa. Jikokinmu za su nemi wannan shaida.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.