Yadda ake raɗa wa Ubuntu da Debian suna da kuma wa'adin kowace fitowa

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, masu tsofaffin kwamfutocin da ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba suka shiga neman mafita. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ke gabansu ita ce Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, kuma kowa na da damar duba yadda aka rubuta ta ya gyara.

Sai dai mai shagon buga takardu a Suleja, ko ɗalibin da ya sayi kwamfuta ta hannu, yana buƙatar sanin ma'anar lamba da sunan da ke jikin kowace fitowa, domin su ke nuna ranar da kulawarta za ta ƙare.

Ubuntu

Kamfanin Canonical, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ya fitar da Ubuntu ta farko a watan Oktoban 2004. Tun daga lokacin ake fitar da sabuwa duk bayan wata shida, a Afrilu da Oktoba.

Lambar kowace fitowa kwanan wata ce: ɓangaren farko shekara, na biyu wata. Ke nan 24.04 ta fito ne a Afrilun 2024. An taɓa samun jinkiri a 2006, shi ya sa fitowar lokacin ta zama 6.06.

Sunan kuwa kalma biyu ne na Turanci masu farawa da harafi ɗaya, siffa da sunan dabba. Ta farko ita ce Warty Warthog, wadda ta ɗauki sunan mugun dawa, sai Hoary Hedgehog mai sunan bushiya. Daga 6.06 aka riƙa bin jerin haruffa har aka kai Z a 17.04, sannan aka koma A.

Fitowar Afrilu ta kowace shekara mai lambar da ke rabuwa biyu ana kiranta LTS, wato mai dogon wa'adi, kuma tana samun sabuntawar tsaro na shekara 5. Sauran na tsakani wata 9 kacal ake kula da su. Wa'adin 20.04 ya ƙare a Mayun 2025, na 22.04 zai kai 2027, na 24.04 mai suna Noble Numbat kuma 2029.

Debian

Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, ita ce uwar da Ubuntu ta fito daga jikinta. 'Yan sa kai ne ke tafiyar da ita, kuma ba su tsayar da ranar fitowa sai sun gamsu an gyara manyan kurakurai. A aikace hakan yakan ɗauki kusan shekara biyu.

Sunayenta na 'yan wasan fim ɗin yara na Toy Story ne, tun daga Buzz a 1996. Debian 12, Bookworm, ta fito a Yunin 2023, Debian 13, Trixie, kuma a Agustan 2025. Reshen da kullum ake sauya shi sunansa Sid, yaron da ke lalata kayan wasa a fim ɗin. Kowace fitowa tana samun kulawar kimanin shekara 5.

Sauran

Linux Mint ana gina ta ne a kan Ubuntu mai dogon wa'adi, tana kuma amfani da sunayen mata, kamar Wilma ta 2024. Fedora na fitowa duk wata shida, ana kula da kowace kimanin wata 13, kuma ta daina raɗa suna bayan fitowa ta 20. Arch ba ta da fitowa mai lamba, ana sabunta ta ne kullum.

Abin lura

Kwamfutar da wa'adin manhajarta ya ƙare tana ci gaba da aiki, amma ba a ƙara toshe ƙofofin da masu kutse ke ganowa. Wannan babban haɗari ne ga shagon da ke riƙe da hotuna, lambobin NIN da takardun jarrabawar jama'a.

Saukar da Ubuntu 24.04 yana cin data fiye da gigabait 5, kuma ɗaukewar wuta ana tsakar sauya fitowa na iya lalata aikin. Don haka mai dogon wa'adi ta fi dacewa da shago, makaranta da ofis. Mai son sanin wadda ke kan kwamfutarsa sai ya buɗe Terminal ya rubuta cat /etc/os-release, lamba da sunan za su bayyana.