Jika Maraya da Dukiyar Kaka: Waiwaye a Tarihin Dokokin Wasiyya

Bisa al'ada, mai rubuta wasiyya yakan ɗauka cewa shi zai riga waɗanda ya ambata barin duniya. To amma mutuwa rigar kowa ce, ba ta kuma bin tsarin shekaru. Sau da yawa ɗa kan rasu ya bar tsohonsa da rai, ya kuma bar 'ya'ya ƙanana. Idan daga baya tsohon ya cika, mene ne rabon waɗannan marayu? Wannan maƙala za ta bi sawun yadda al'ummomi daban-daban suka fuskanci wannan tambaya.

A fiƙihun Musulunci hukunci biyu ne suka haɗu a kan jika. Na farko, wasiyya takan ɓaci idan wanda aka yi wa ita ya riga mai wasiyya rasuwa, sai abin ya koma cikin dukiyar gado. Na biyu, ɗa namiji mai rai yana katange jika daga gado. Alal misali, mutum ya rasu ya bar shanu 90, da ɗa guda mai rai, da jikoki daga wani ɗan nasa da ya riga shi. Shanun duka na ɗan nan mai rai ne. Sai dai shari'a ta bar wa kaka ƙofa, domin yana da ikon yin wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba. Malaman Malikiyya na Magrib sun san abin da ake kira tanzili, wato kaka ya saukar da jikansa a matsayin ubansa, a kuma zartar da hakan a matsayin wasiyya.

A Ingila ma asalin ƙa'idar ita ce kyauta ta faɗi da mutuwar wanda aka yi wa ita. Dokar Wasiyya ta 1837, a sashe na 33, ta yi togaciya: idan wanda aka yi wa kyautar ɗa ne ko jikan mai wasiyya, ya kuma bar zuriya, kyautar ba za ta faɗi ba. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauka tamkar ya rasu ne jim kaɗan bayan mai wasiyya. Wannan ya sa kyautar kan shiga cikin dukiyar mamacin, har masu binsa bashi su iya cinye ta. Sai a 1982 aka gyara sashen, kyautar ta riƙa zuwa ga zuriyarsa kai tsaye. Dokar ta 1837 ta shigo Nijeriya ne cikin dokokin Ingila da Turawan mulkin mallaka suka zo da su.

A duniyar Musulmi kuwa, Masar ce ta fara taɓa batun, da Doka mai lamba 71 ta shekarar 1946. Masu tsara ta sun dogara da aya ta 180 ta Suratul Baƙara, da fahimtar Ibn Hazam na Andalus, wanda ya rasu a 1064, cewa wasiyya wajibi ce ga dangin da ba su da gado. Saboda haka idan kaka bai yi ba, doka za ta ɗauka ya yi, a ba jikoki abin da mahaifinsu zai samu, muddin bai wuce sulusi ba. A misalinmu, marayu za su tashi da shanu 30, baffansu ya ɗauki 60. Siriya ta bi sahu a 1953, Maroko kuma a 1958, dukkansu suna taƙaita abin ga 'ya'yan ɗa namiji, kafin Maroko ta shigar da 'ya'yan 'ya mace a 2004.

Pakistan ta zarce haka. Dokarta ta iyalin Musulmi ta 1961 ta ba jikoki rabon mahaifinsu cif, wato shanu 45. Malamai da dama sun yi suka, suna cewa wannan ƙirƙirar sabon magaji ne, kuma a shekarar 2000 Kotun Shari'a ta Tarayya ta ƙasar ta yanke cewa sashen ya saɓa wa Musulunci.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan gyare-gyare ƙoƙari ne na cike giɓin da shirun kaka ya bari. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, sulusin nan yana hannun kaka ne muddin yana numfashi, da zarar ya cika kuwa sai abin da baffa ya ga dama. Don haka duk dattijon da ya binne ɗansa, ya kamata ya kira shaidu ya ambaci jikokinsa tun ƙafarsa tana taka ƙasa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.