Tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ƙasar Adar: tarihi, tsari da kalmomi

1. Gabatarwa

Ƙasar Nijar ba ta da bakin teku. Manomin Deule, ko na Keita, ko na Madawa, yana iya tsufa bai taɓa ganin jirgin ruwa ba, amma shinkafa da sukari da takin zamani da tufafin bosho da ake sayarwa a kasuwarsu, yawancinsu a jirgin ruwa suka zo, a wata tasha mai nisan fiye da kilomita 1,200 aka sauke su. Shekara da shekaru wannan tasha ita ce ta Kwatano, a ƙasar Benin. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda aka kafa tashar, da yadda take aiki, da dalilin da ya ɗaure arzikin Nijar da ita. Sa'an nan a duba kalmomin da Hausa ta tanada domin wannan fage, saboda amfanin masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

2. Kafin a gina tashar

Sunan garin daga harshen Fon ya fito, ma'anarsa kuwa bakin kogin mutuwa. Bakin Bahaushe ya mai da shi Kwatano, kamar yadda ya mai da Eko Ikko. Faransawa sun sami gindin zama a wurin ta hanyar yarjejeniyoyin 1868 da 1878, waɗanda Sarki Behanzin na Dahome ya ƙi yarda da su, har abin ya kai ga yaƙi a 1890 da 1892.

Gaɓar wannan yanki ba ta da wani lungu da jirgi zai fake. Rairayi ne miƙe, igiyar ruwa na dukansa dare da rana. Don haka a 1891 aka fara kafa wata doguwar gada ta ƙarfe wadda ta kutsa cikin teku har ta wuce inda igiyar take karyewa. Jirage sai su tsaya can nesa, ƙananan kwale-kwale su yi ta jigila tsakaninsu da gadar, ƙugiya tana ɗaga kaya. Mutane ma a cikin kwando ake ɗaga su. Aiki ne mai jinkiri da hasara, amma da shi aka yi ta fama fiye da shekara 70.

A wancan zamani ƙasar Hausa ta Nijar ba Kwatano take duba ba. Jirgin ƙasa daga Ikko ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram da Madawa ta nan take bi, gama hanyar ta fi kusa, ta fi araha. Dogon da Faransawa suka fara shimfiɗawa daga Kwatano a 1900 kuwa, bayan 1930 ya tsaya a Faraku, kilomita 438 daga teku, bai ƙara gaba ba.

3. Yadda aka juya akalar fatauci

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta ji daɗin ganin gyaɗarta tana bi ta ƙasar Ingilishi ba, tana biyan kuɗin sufuri da fam. A 1953 ta ƙirƙiro shirin da ta kira Opération Hirondelle, wato shirin tsattsewa: motocin da suka kawo kaya daga Faraku su koma da gyaɗa, gwamnati ta cika giɓin kuɗin da doguwar hanya ta haddasa. A 1958 aka buɗe gadar kogin Kwara tsakanin Gaya da Malambil. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar mai kula da dogo da sufuri, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan da Dahome ta canza suna a 1975. Ashe ke nan hanyar Kwatano shawara ce ta siyasa, aka tallafe ta da kuɗi har ta zama jiki.

A 1959 ɗin dai aka fara ginin tashar zamani. Jirgin farko ya jingina da matsayarta a ƙarshen Disamba 1964, aka yi bikin buɗe ta ranar 1 ga Agusta 1965. An faɗaɗa ta tsakanin 1979 da 1983, aka sake faɗaɗa ta da taimakon Amurka tsakanin 2006 da 2011. A 2009 aka ba kamfanin Bolloré sashen kwantena, wanda ya koma hannun MSC a 2022. A 2018 kuma gwamnatin Benin ta danƙa gudanar da tashar ga hukumar tashar Anvers ta Beljiyom.

4. Tsarin tashar da aikinta

Tunda Allah bai yi wa wurin mafaka ba, sai aka gina masa. Ganuwa biyu ta duwatsu da kankare suka shiga teku: ta yamma mai tsawon mita 1,424, ta gabas mai mita 770. Tsakaninsu ruwa ya kwanta, aka bar ƙofa guda inda jirage ke shiga. A gefen arewa akwai tsohuwar matsaya da mangazoji a bayanta. A gefen kudu akwai sabuwar matsayar kwantena. Akwai kuma wurin sauke man fetur da sashen masunta.

Babban abokin gaban tashar shi ne rairayi. Igiyar ruwa tana tura shi daga yamma zuwa gabas. Ganuwar yamma ta tare shi, sai ya taru a can, gabashin gari kuwa teku ya yi ta cin ƙasa da gidaje. Dole ne a riƙa yashe mashigar a kai a kai, in ba haka ba manyan jirage ba su iya wucewa.

Idan jirgi ya iso, matuƙin tashar ne ke hawa ya shigo da shi, ƙananan jirage masu ƙarfi suna ja suna turawa. Ƴan dako da injuna su sauke kaya. Kayan Nijar ba a biyan kuɗin duwan a kansu a Benin: ana rufe su da hatimi a matsayin kaya masu wucewa, sai sun shigo gida a biya. Wakilin ɗan kasuwa shi ke bin takardu daga ofis zuwa ofis. Domin wannan aiki ne Nijar ta kafa kamfanin NITRA a 1974. A da, doka ta tilasta kayan su hau dogo zuwa Faraku, a can a juye su cikin motoci. Da dogon ya tsufa, motoci suka karɓe aikin tun daga bakin teku. Hanyar ita ce Faraku, Kandi, Malambil, Gaya, Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, daga nan ta rabu: ɗaya ta yi Madawa da Maraɗi, ɗaya ta yi Tawa da Agadas.

5. Abin da ya ratsa Adar

Bayan gyaɗa da audugar Majiya, uraniyom ne ya riƙe hanyar. SOMAIR ta fara fitar da shi daga Arlit a 1971, COMINAK a 1978; gangunansa ta Tawa da Ƙwanni suka riƙa gangarawa, farar wuta da injuna suna haurowa. A farin 1973-1974 da na 1984, hatsin agaji da yawa ta Kwatano ya shigo. Akwai kuma kayan da sunan Nijar kawai suke ɗauke da shi, shinkafa da taba da motocin hannu, waɗanda daga Ƙwanni da Maraɗi suke sulalewa Najeriya. Shi ya sa rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986, da daga 2019 zuwa 2020, ya girgiza Kwatano kanta. Albasar kwarin Tarka ba ta hawa jirgi, amma hanyar ɗaya take bi zuwa kasuwannin gaɓar teku, haka ma ƴan ci-ranin Buza da Keita, waɗanda unguwar Zongo ta Kwatano ta daɗe tana karɓa.

Mai ƙofa ɗaya ba ya barci da ido biyu. A ƙarshen 1963, rikicin tsibirin Lete ya sa Dahome ta tare kayan Nijar. Sai a 2005 Kotun Duniya ta tabbatar wa Nijar tsibirin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar gefenta a rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da Tera, da rakiyar soja, hanya mai tsawo da tsada. Talakan karkara a farashin buhun shinkafa ya ji wannan labari.

6. Kalmomi

Hausa ta tari wannan fage ta hanya uku. Ta farko, faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma: jirgi asalinsa na fito ne a kogi, ya haifi jirgin ruwa da jirgin ƙasa da jirgin sama, haka dako da ƙugiya da dogo. Ta biyu, aro daga Ingilishi ta Najeriya: tasha, kwantena, tirela, kwastan, sito. Ta uku, aro daga Faransanci: duwan, kamyo, mangaza, gudro. Saboda haka abu ɗaya yakan sami suna biyu, kwastan da duwan, sito da mangaza, kwalta da gudro. Ɗan kasuwar Madawa duka yana jin su, amma wanda ya fara koyon karatu a Deule ɗaya kawai ya sani.

Shawararmu ga masu tsara littattafai uku ce. A fifita kalmar da ke bakin mutanen yankin, a kawo takwararta ta Najeriya a gefe. Inda babu kalma, a bayyana abin da Hausa sassauƙa, kamar kaya masu wucewa ko matsayar jirgi, maimakon a ɗora wa mai koyo baƙon lafazi. Sa'an nan a tattara kalmomin daga bakin direbobi da karnukan mota da ƴan kamasho a tashoshin Ƙwanni da Madawa, gama su ne suka raɗa su.

7. Kammalawa

Tun taron Bamako na 1966 aka daidaita haruffan Hausa, amma kalmomin sufuri da fatauci har yanzu suna bukatar a tattara su a tace. Darasi guda a kan tafiyar buhun shinkafa daga jirgi zuwa kasuwar ƙauye zai koya wa babba karatu da lissafi da taswira a lokaci ɗaya, ya kuma fahimtar da shi dalilin da ya sa abin da ya faru a gadar Gaya yake taɓa tukunyar gidansa.