Dami a Gaban Bagadi: Kakar 'Yan Katolika a Ƙasar Sakkwato

Wanda ya bar Sakkwato cikin watan Oktoba ya nufi kudu, ta hanyar da ta ratsa Boɗinga da Shagari ta wuce Tambuwal, idonsa ba zai rasa abin kallo ba. Gero ya riga ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa, mata da yara sun bazu cikin gonaki suna roron wake, sanyin asuba kuma ya fara ba da labarin hunturu. A Mandera da ƙauyukan da ke kewaye da ita, manomin da Allah ya ba shi yakan ware dami ɗaya cikin goma, haƙƙin zakka, kafin ya toshe bakin rumbu. Ƙasa ce da Musulunci ya yi jijiya a cikinta. Nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, nan kuma Boɗinga, mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi kafin Gwandu.

A daidai wannan lokaci, cikin birni, wata ƙaramar al'umma ita ma tana shirin fitar da nata rabon. 'Yan ɗarikar Katolika na Majami'ar Iyali Mai Tsarki, babbar majami'ar bishop da ke kan titin Ahmadu Bello, da 'yan'uwansu na Gusau da Funtuwa da Malumfashi, suna da ranar godiyar kaka, ranar da kowa yakan kawo abin da shekara ta ba shi ya ajiye a gaban bagadi. Abin da ake ajiyewa a wurin ya sauya cikin shekara saba'in, kuma wanda ya bi sawun wannan sauyi ya karanta tarihin majami'ar gaba ɗaya: yadda ta fara a matsayin majami'ar baƙi masu albashi, ta wayi gari da manoma masu dami a cikinta.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba. Wannan alkawari ya tsare 'yan mishan daga yin wa'azi cikin masarautu na tsawon shekaru. Saboda haka Kiristancin da ya fara shigowa yankin ya biyo ƙafar ma'aikata ne. Layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Kaura Namoda a 1929, masana'antun gurzar auduga suka kafu, kamfanonin sayen gyaɗa suka buɗe kantuna. Akawu da makanikai da direbobi da 'yan tireda daga kudu, akasarinsu Ibo, suka sauka a Sabon Gari, kuma su ne suka riƙa taruwa ranar Lahadi, Fada yana zuwa musu jefi-jefi daga nesa. Sai ranar 29 ga Yunin 1953 Fadar Paparoma ta yanke yankin Sakkwato daga na Kaduna, ta danƙa shi ga firistocin ƙungiyar Dominik daga Shikago ta Amurka, ƙarƙashin Fada Edward Lawton. Gusau suka yi sansani. A 1956 sistoci daga jihar Kansas suka biyo su, suka kama aikin jinya da karantarwa. Ranar 16 ga Yunin 1964 yankin ya zama cikakkiyar dayosis, Lawton ya zama bishop na farko.

Waɗannan firistoci sun zo da tasu kakar. Al'adar Katolika tana danganta addu'ar Rosari, wadda ake ja da carbi, ga Dominik wanda ya kafa ƙungiyarsu, kuma tun 1883 Paparoma Liyo na Goma Sha Uku ya keɓe watan Oktoba domin ta. Don haka kowace yamma cikin watan, jama'a kan taru a harabar majami'a ko a tsakar gidan wani, gaban siffar Maryamu, wani ya ja sauran su amsa. Carbin yana da gomiya biyar, ana tuna wani abu daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa a kan kowane goma. Maƙwabci Musulmi da ya leƙo ya ga tsohuwa tana jan carbi bayan faɗuwar rana ba zai ga baƙon abu ba, ko da kalmomin ba nasa ba ne. Majami'ar Gusau ma sunan Uwargidanmu ta Fatima aka sa mata. Sunan wani gari ne a Fotugal, amma a kunnen Bazamfare sunan 'yar gida ne.

Ita kuwa godiyar kaka ba ta cikin kalandar Roma. Tushenta na nesa yana cikin Attaura, inda aka umarci Bani Isra'ila su kai nunan fari na gonakinsu. Siffarta ta yanzu daga majami'un ƙauyukan Ingila ta fito a ƙarni na 19, 'yan mishan suka kawo ta Ikko da gaɓar Kwara, 'yan Katolikan kudu suka ɗauka suka ƙara mata gwanjo, sannan suka hau jirgi da ita zuwa arewa. A Sabon Garin shekarun 1950 babu mai gona sai ɗan lambun bayan gida. Abin da akawun kamfani zai kawo shi ne kuɗi cikin ambulan, ɗan tireda ya kawo turmin atamfa ko katon na sabulu, wata ta kawo doyar da ta sayo a kasuwa. Godiyar kaka ce ta mutanen da ba su yi shuka a ƙasar ba, ana yin ta da Latin da Turanci da Ibo, alhali kewaye da su ana ta sussukar gero da Hausa.

Kakar 1966 ce ta rushe wannan tsari. Bayan juyin mulkin Janairu da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, rikici ya ɓarke a ƙarshen Mayu a Kano da Zariya da Katsina da Gusau, ya sake dawowa da muni daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. An kashe dubban mutanen gabas, waɗanda suka tsira suka cika jiragen ƙasa da manyan motoci suka tafi. Ana tunawa da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ƙoƙarin da ya yi na kwantar da hankalin jama'arsa, amma tsoro ya riga ya shiga, ba mai iya tsayar da wanda ya ɗaure kayansa. Cikin watan carbi, majami'un da suke cika har waje suka koma kangaye. Kafin shekara ta ƙare, a watan Disamba, Bishop Lawton ya rasu. Dayosis mai shekara biyu da rabi ta rasa makiyayi da garke kusan lokaci ɗaya.

A ganina, a nan ne tarihin ya juya. Michael Dempsey, wanda ya gaji kujerar a 1967, ya tarar da tambayar da ba ta kaucuwa: idan baƙo ya tafi, wa ya rage? Amsar tana karkarar kudancin Katsina da kewayen Funtuwa da Malumfashi, wurin Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin kakanninsu suna zaune a gidajen gona nesa da gari. An fara kai musu ziyara tun kafin rikicin, amma bayansa ne aikin ya zama babban aiki. Lokacin ma ya taimaka, domin babban taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin ibada da harshen jama'a. Littafi Mai Tsarki kuwa yana nan da Hausa tun 1932, aikin 'yan mishan na wasu ɗarikoki. Aka kafa cibiyar horar da katikis a Malumfashi, inda magidanci yakan zo da iyalinsa ya koyi karatu da koyarwar addini, ya koma ƙauyensu. Fada yakan kewayo sau ɗaya a makonni, wani lokaci a watanni. Katikis shi ne kullum: shi ke jan addu'ar Lahadi, shi ke shirya masu neman baftisma, shi ke tsayawa bakin kabari, shi ma kuma da fartanyarsa yake ci.

Bamaguje bai buƙaci a koya masa cewa amfanin gona yana da mai shi ba. Tun kaka da kakanni ba a taɓa sabon hatsi sai an fitar da rabon iskokin gida, kuma babbar darajar da namiji ke nema ita ce ya noma dami dubu a naɗa shi sarkin noma. Da irin waɗannan mutane suka shiga majami'a, godiyar kaka ta sami gonar da ta rasa. A ƙauye ranar takan zo bayan an yanke dawa, cikin Nuwamba ko farkon Disamba. Ana kiran gida-gida, maigida a gaba da dami a ka, matan da ƙwaryar wake ko gyaɗa, yara na janye da akuya ko rungume da zakara, ana kiɗa ana rawa har gaban bagadi. 'Yan Zumuntar Mata, sanye da zane iri ɗaya, su ke riƙe da waƙa da tulun kiɗa da caki, kuma duk wanda ya san majami'un arewa ya san cewa ba a gina komai ba tare da su ba. Fada ya yayyafa ruwan albarka, a fita waje a buɗe gwanjo. Nan ne zakaran da bai kai komai ba a kasuwa zai tashi a kan kuɗin tunkiya, domin mai saye ba nama yake nema ba. Da abin da aka tara ake sayen kwanon rufi, a biya katikis, a ajiye wani hatsin saboda gwauraye da marayu idan bazara ta yi tsanani.

Bikin bai rasa abin suka ba. A birane, inda mutanen kudu suka dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwanjo yakan zama fagen nuna arziki, a kira sunan mai kuɗi da lasifika, talaka ya sunkuyar da kai da 'yar ambulan ɗinsa. Firistoci da kansu sukan yi wa'azi a kan haka. Akwai kuma tazarar da ba a cika faɗa ba tsakanin majami'ar gari mai ibada da Turanci da ta ƙauye mai ibada da Hausa, kuɗi yana can, dami yana nan.

Nuwamba watan matattu ne. Ranar 1 ga wata ana tuna dukan tsarkaka, ranar 2 a yi wa dukan mamata addu'a, iyalai su rubuta sunayen nasu su miƙa, a je maƙabarta a share kaburbura. Ga jikan Bamaguje, wanda ya tashi ya ga ana girmama kakanni, wannan ma ba baƙon abu ba ne. Shekarar ibada takan rufe a ƙarshen watan da Idin Kristi Sarki, wanda Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya kafa a 1925. A Nijeriya ranar ce ake fita jerin gwano da Jikin Kristi, saboda ainihin lokacinsa yana faɗawa cikin damina. A Inugu ko Onica gari ne ke tsayawa cak. A ƙasar Sakkwato tsawon hanyar da jerin zai bi ya danganta da zaman lafiyar shekarar, don haka tsofaffi kan auna zamantakewarsu da maƙwabta da irin nisan da aka iya takawa.

Garin Shagari ma yana da ɗan rabonsa cikin labarin. Ɗansa, Shugaba Shehu Shagari, shi ya karɓi Paparoma John Paul na Biyu a ziyararsa ta farko Nijeriya a Fabrairun 1982, ziyarar da ta kai shi har Kaduna. Shekara biyu bayan haka Dempsey ya sauka, Kevin Aje daga ƙasar Filato ya zama ɗan Nijeriya na farko a kujerar Sakkwato, ya riƙe ta har 2011. Ranar 8 ga Satumbar shekarar, gero yana nuna, aka naɗa Matthew Hassan Kukah. Sai kuma ranar 16 ga Oktoban 2023, tsakiyar watan carbi, Paparoma Francis ya yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, ya ba da ita ga Fada Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama bishop a ɗarikar. Shekara 57 ke nan daga kakar da majami'u suka zama kangaye. Babbar majami'arsa a Katsina tana ɗauke da sunan Martin de Porres, ɗan ƙungiyar Dominik daga Lima ta ƙasar Peru, ɗan wata baƙar mace da aka 'yanta, wanda idinsa ke faɗowa ranar 3 ga Nuwamba.

Sai dai kakar da sabon bishop ya gada ba irin ta zamanin su Dempsey ba ce. A Zamfara da gabashin Sakkwato da kudancin Katsina, 'yan bindiga sun mayar da girbi lokacin karɓar haraji: ƙauye ya biya kafin a bar shi ya yanke abin da ya shuka, wanda ya kasa biya ya bar dawarsa ga tsuntsaye. Harsashinsu bai tambayi addinin kowa ba, kuma Musulmin da aka binne sun fi yawa nesa ba kusa ba, domin su ne mafi yawan mazauna. Amma ƙaramar al'umma rashi kaɗan ke girgiza ta. A Mayun 2021 aka kai hari majami'ar Vincent Ferrer ta Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello. Bayan shekara ɗaya aka sace firistoci biyu a Gidan Mai Kambu. A watan nan na Mayun 2022 ne kuma, bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel, masu zanga-zanga suka farfasa tagogin Majami'ar Iyali Mai Tsarki a Sakkwato.

Iyalai da dama da a da suke shiga da dami a ka yanzu suna zaune a gefen Funtuwa da Gusau da Malumfashi, a ɗakin haya ko gidan dangi, gonakinsu suna can inda ba su isa su taka ba. Ranar godiyar kaka idan aka kira sunan gidansu sukan tashi su bi layi kamar kowa, da mudun masarar da aka auno a kasuwa, ko da 'yan kuɗi cikin ambulan.