Sarki da Shugaban Ƙasa a Littattafan Yara na Zariya

Tun daga 1931, lokacin da aka mayar da Hukumar Fassara Zariya, garin ya zama cibiyar buga littattafan boko na Hausa. Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, yana Tukur-Tukur, bayan ganuwa. NORLA da NNPC duk a kan harsashinsa suka tashi. Saboda haka duk mai son sanin irin shugaban da aka nuna wa yaran Arewa a takarda, daga nan ya kamata ya fara.

Shugaban kuwa sarki ne. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ƙagagge ne, amma fadarsa da wazirinsa da bayinsa ba baƙi ba ne ga yaron da ya tashi cikin birni, yana ganin hawan salla, yana jin ana lissafa gidajen sarauta huɗu, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Ɗan littafin Amina Sarauniyar Zazzau na 1954 ya fi kusa da tarihi, kuma a nan wahalar ta fito fili. Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Waɗansu masana sun kai ta ƙarni na 16. Manazarci yana iya barin maganar a buɗe. Mai rubuta wa yaro ba shi da wannan sarari, balle mai zane, wanda dole ya ba ta fuska da doki da takobi, alhali ba wanda ya bar mana kamanninta.

Muƙamin shugaban ƙasa bai sami irin wannan gata ba. A Amurka ana jera shugabanni tun daga Washington a 1789, kowa da hotonsa, yaro ya gane cewa kujera tana nan, mutane ne ke wucewa. A Nijeriya sai 1963 aka ƙirƙiro muƙamin, Azikiwe ya riƙe shi ba tare da ikon zartarwa ba, soja suka ture shi a 1966. Aka dawo da shi da cikakken iko a 1979, aka sake turewa a 1983. Jerin da ke yankewa haka yana da wuyar shiryawa shafi-shafi.

Abin lura shi ne, shugabannin farar hula biyu na Arewa ta wata ƙofa suka shiga aji. Dukansu malaman makaranta ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar don gasar 1933, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Shehu Shagari ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don koya wa ɗalibai labarin ƙasa, daga baya NNPC ta buga ta a Zariya. Ɗalibi yakan ga sunayensu a bangon littafi, a gurbin mawallafi, cikin littafin kuwa ba labarin mulkinsu ba ne.